Fatoma da Baƙinsa: Tarihin Saukar Baƙi a Zangunan Kurmi

A farkon shekarar 1826, Baturen Birtaniya mai yawon bincike Hugh Clapperton yana kan hanyarsa daga bakin teku zuwa Sakkwato, sai ya ci karo da ayarin fataken Hausawa a Kayama, cikin ƙasar Bargu. Daga Gwanja suka fito, sun nufi gida. A ƙiyasinsa mutanen ayarin, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin da ke ɗauke da kaya su ma kusan haka. Goro ne mafi yawan abin da suka ɗauko.

A hanya, kwanan mutum dubu bai zama abin damuwa ba. In an isa zango a bayan gari sai a sauke kaya, a kafa bukkoki, mata su ɗora tukwane, da asuba a ɗaure a ci gaba. Wahalar tana can ƙarshen tafiya, a garin da falke zai shafe wata biyu ko uku yana ciniki alhali ba shi da gida a can, ba shi da dangi, ba ya jin harshen masu goro, kuma in aka cuce shi bai san ƙofar da zai kai kuka ba. Wanda ya ɗauke masa wannan nauyi shi ne fatoma, mai masauki, wanda baƙinsa ke kira Maigida. Madugai sun sha kirari, sunayen wasunsu ma sun shiga littattafai. Fatoma kuwa yana zaune a zaurensa, ba ya zuwa ko'ina, amma a kan ɗakunan baƙinsa aka gina kusan kowace unguwar Hausawa da ke kurmi, daga Kumasi zuwa Ikko.

Tafiyar Gwanja ba ta rago ba ce. Daga Kano ko Katsina ko Jega, ayari yakan tashi bayan ɗaukewar ruwa, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanne Mango ko Yandi, sannan ya gangara Salaga. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu zuwa uku. Madugu ke jan ragama, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da kuɗin fito da abin da za a ba sarakunan hanya, ga malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Suna tafiya da kanwa, da baƙaƙen tufafin marinar Kano, da jemammiyar fata, da gabu, da jakuna da dawaki, su komo da goro. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki 500 na goro ke shiga birnin duk shekara, kowane kaya kuma yakan kai wuri 200,000 in ya iso lafiya. Sharaɗin nan na isowa lafiya shi ne gaba ɗayan sana'ar. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Sai an riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince wanda sankara ta kama, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Falken da ya ɓata kwanaki yana neman mai saye ko mai sayarwa a baƙon gari, jarinsa ne ke ruɓewa a gabansa.

Sarakunan Ashanti, masu dazukan goro, ba su yarda fataken arewa su kutsa har gindin bishiya ba. Sun fi son a haɗu a kasuwannin bakin iyaka, inda za su iya sa ido a kan farashi da haraji, kuma a ƙarni na 19 babu kasuwar da ta kai Salaga. Sarakunan Gwanja na wannan yanki suna zaune a Kpembe, 'yar tazara kaɗan daga kasuwar, suka bar Salaga ga baƙi: Hausawa, Wangarawa, Barebari, Dagwamba, Mosawa, Yarabawa, Nufawa, kowa da unguwarsa da masallacinsa. Da rani garin yakan cika ya batse, da damina ya sace. Ruwa ya yi masa ƙaranci har mutane suka haƙa rijiyoyi barkatai, aka riƙa yi masa laƙabi da gari mai rijiya dubu. Ba kuma goro kaɗai ake sayarwa ba. Salaga tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan sashe, kuma fatake da masu masaukinsu sun ci ribar cinikin mutane kamar yadda suka ci ta kanwa.

Kafin ayari ya shigo, labarinsa ya riga shi. Yaran masu masauki sukan fita tarye tun bayan gari, kowa yana cigiyar baƙin gidansu, domin falke ba ya sauka inda ya ga dama. Gidan da ubansa ya saba sauka, nan shi ma zai sauka, sabon shiga kuma sai ya bi wanda ya kawo shi. Maigida yana ƙofar zaure.

"Maraba, maraba! Sannunku da hanya. Yaya kuka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau, Maigida. Suna gaishe ka da kyau."

A kawo ruwa, a kawo fura, a nuna wa baƙo ɗakinsa, a shigar da kaya ɗakin ajiya, a kai jakuna turke. Ba a buɗe baki da zancen ciniki. Sai an huta an ci tuwon dare, sannan maigida ya zauna ya zayyana wa baƙonsa halin da kasuwa ke ciki: nawa ƙwaryar goro take, wato ƙwaya ɗari, wane ayari ya riga shi shigowa da kanwa har ta faɗi, wane ne a cikin masu saye yake biya a kan lokaci, wane ne kuma ba a ba shi bashi ko da ya rantse. Washegari ya haɗa shi da dillali daga cikin yaran gidan, wanda zai yi masa tafinta, ya nemo masu saye, ya tsaya a kan ciniki har a sallama. Kuɗin da aka samu a gidan ake ajiye su. In baƙo ya yi rashin lafiya, gidan ke jinyarsa. In rikici ya haɗa shi da ɗan gari, maigida ke zuwa gaban sarki. In ajali ya riske shi a can, maigida ke yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa har magada su aiko.

Duk wannan babu kuɗin haya. Ɗaki kyauta ne, tuwo ma haka, kuma wanda ya tsaya nan zai ɗauka cewa karamci ne zalla irin na "baƙonka annabinka". Karamcin yana nan, ba a musu, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Kowane cinikin da aka ƙulla ta hannun gidan yana da la'ada, ga kuma alherin da baƙo kan yi wa maigida da iyalinsa in zai tafi. Saboda haka arzikin fatoma yana tafiya ne da yawan baƙinsa, yawan baƙinsa kuma yana tafiya da sunansa. Falke ɗaya da ya koma Kano yana cewa an ci amanarsa a gidan wane ya isa ya mayar da ɗakunan gidan kango a rani mai zuwa.

Yabon yakan tsaya a kan maigida, aikin kuwa yana cikin gida. Ciyar da baƙi ashirin ko talatin na tsawon watanni yana nufin daka da niƙa da tuƙi safe da yamma, da itace, da jigilar ruwa a garin da ruwa ke da tsada. Matan gida da ƙwaraƙwarai da bayi ne suka ɗauki wannan. Mai masaukin da ba shi da hannaye a madafa ba zai iya riƙe baƙi ba, komai faɗin zaurensa.

Tsakanin gida da gida kuma takarda ke yawo. Falke yakan iso da wasiƙa daga wani attajiri ko malami zuwa ga mai masauki, tana gabatar da shi ko tana bayanin bashi da saƙo. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ɗan falken goro ne da ya taso yana bin hanyar Gwanja, kuma tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Daga baya ya zauna a Salaga, inda ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa.

Zaman Alhaji Umaru a can bai yi tsawo ba, domin garin ya riga ya fara tangaɗi. A 1874 sojojin Birtaniya suka shiga Kumasi suka ƙone ta, Gwanja ta yi amfani da damar ta fice daga ƙarƙashin Ashanti, Ashanti kuma ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, baƙin Salaga suka watse. Wasu suka nufi Yeji da Kintampo da Atebubu, wasu suka gangara bakin teku, da yawa kuma suka koma Kete, zangon da ke jikin Krachi a bakin kogin Volta, wanda ya faɗa hannun Jamusawa. Can Alhaji Umaru ya koma, ya zama limami, ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete ma yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogin a Akosombo a shekarun 1960. Abin da masu masaukin Salaga suka tsira da shi ba gine-gine ba ne, sanayya ce, kuma duk inda suka sauka baƙinsu suka bi su.

Mulkin mallaka ya buɗe musu ƙofar da Ashanti ta daɗe da rufewa. Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, suka murƙushe tawayen Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso garin daga Sekondi a 1903. Fatake suka shigo har tsakiyar ƙasar goro. Sun tarar da wasu masu jin Hausa sun riga su, wato sojojin da Turawa suka ɗauka tun daga rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863, waɗanda da yawansu suka yi zamansu bayan sun ajiye kaki. Zangon Kumasi ya tashi da sarkinsa, amma bai daɗe yana na Hausawa kaɗai ba. Koko da ma'adinai suka jawo Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli da Yarabawa, kowace ƙabila da shugabanta, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a zangon a shekarun 1960, ta nuna yadda sabon zuwa kan nemi shugaban mutanensa ko wani ɗan garinsu, ya sami wurin kwana da hanyar aiki, har dangantakar maigida da baƙo ta riƙa maye gurbin dangin da aka baro a gida.

A Akara labarin yana da sunaye. Malam Naino, malami daga ƙasar Katsina, ya kafa zango a tsakiyar gari a ƙarshen ƙarni na 19. Da wurin ya yi cunkoso, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya nemi fili daga sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, yana yanka wa mutanensa filaye su gina. Wannan fatoma ne da ya girma har ya sauki unguwa guda. Nima kuma ta taso ne a farkon shekarun 1930 a kewayen Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu. Ta irin waɗannan gidaje matasa da yawa suka ga duniya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, mahaifiyarsa ta koma Akara da zama bayan rasuwar mahaifinsa, shi kuma yana matashi ya bi ayarin Gwanja ya je wurinta. Da ya kama kasuwanci sosai, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, tafiyar da ke cin watanni ta koma ta kwanaki, zamanin manyan ayarin jakuna ya kama hanyar ƙarewa.

Ana iya zaton fatoma zai bi madugu zuwa kabari. Bai bi shi ba, kuma babu inda dalilin ya fito fili kamar Sabo ta Ibadan.

An kafa Sabo a 1916. A lokacin manoman ƙasar Yarabawa sun fara dasa irin goron Gwanja, har Agege da Shagamu da kewayen Ibadan suka zama sababbin wuraren sari, shanu kuma suna gangarowa daga arewa. Abner Cohen, masanin zamantakewa da ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya tarar ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan, kuma kusan duka bashi ne. A kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 a hannun mahauta wanda ba a biya ba, babu takardar banki, babu sa hannu, babu jingina.

Ga yadda abin yake. Mai shanu ya taso daga Kano ko Gusau ko Maiduguri, ko a jirgi ko a ƙasa. Shanun da suka ratso yankin ƙudan tsando sun riga sun ɗauki sammore, kwanakinsu ƙidayayyu ne, ba zai iya komawa da su ba, ba zai iya jira ba. Mahaucin Ibadan kuma Bayarabe ne da ba shi da kuɗin sa a hannu sai ya yanka ya sayar. Mutum biyu ke nan da ba su san juna ba, ɗaya yana gaggawa, ɗaya ba shi da kuɗi. Maigida ne ke shiga tsakani. Yana sauke mai shanu, ya ciyar da shi, ya ba shi dillali. Dillalin ya san mahauta ɗaya bayan ɗaya: wanda ke cika alkawari, wanda bashin jiya ke wuyansa, wanda ya yi biki kwanan nan aljihunsa ya yi sauƙi. In an sallama, magatakardan gidan ya rubuta, yara su bi sawun kuɗin. In mahauci ya gudu ko ya karye, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa, domin da sunansa aka ba da bashin. Mahaucin da ya ci kuɗin gida ɗaya kuwa, kafin la'asar duk masu masauki sun ji, kuma ba zai sake samun ko ɗan maraƙi ba sai ya biya.

Cohen ya ƙirga irin waɗannan masu gidaje kimanin talatin a Sabo, tsakanin na shanu da na goro, kuma fiye da rabin gidajen unguwar suna hannunsu. Gida shi ne jari: mai ɗakuna da yawa shi ke sauke baƙi da yawa, shi ke riƙe dillalai da yara, shi ke aurar da su, shi ake saurara a fadar Sarkin Sabo. Haka kuma ya lura cewa tsarin yana buƙatar unguwar ta zauna a dunƙule, kowa ya san kowa, kowa yana jin kunyar kowa. Da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon sarakunan baƙi a shekarun 1950, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu daga na gari a 1952. A fassarar Cohen, addini ya ɗaure abin da siyasa ta kwance. Mutanen Sabo da kansu za su ce neman lahira suka yi, kuma babu dalilin ƙaryata su; abu biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

A gabas ma haka al'adar ta bi hanyar hajji. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai mabiyansa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Alhazan ƙasa da suka biyo baya sukan sauka a gidajen waɗanda suka riga su, su yi aikin auduga a Jazira su tara guzuri, wasu su wuce Makka bayan shekaru, wasu jikokinsu na nan har yau.

Abin da jirgi da mota suka kasa yi wa zango, takardar gwamnati ta kusa yi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama a Gana mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwan mutane suka tashi, akasarinsu 'yan Nijeriya, tare da 'yan Togo da Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Kumasi ko Akara, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Mutumin da ya shekara arba'in yana sauke baƙi ya wayi gari doka tana ce masa shi ma baƙo ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana kusan miliyan guda suka bar Nijeriya, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Waɗanda suka tsira daga korar 1969 sun koyi darasi: suka nemi takardun zama 'yan ƙasa, suka shiga siyasa, har ta kai a 2017 gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna.

Yau yawancin mazauna Nima da Mamobi da Madina a Akara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, 'yan Gana ne haihuwar kaka da kakanni, kuma baƙon da ke ƙwanƙwasa musu ƙofa ya canza. Ɗan'uwa ne daga Kano ko Maraɗi da ya zo biki, ko ɗalibi, ko mai neman magani, ko aboki da ya zo ganin gari. Ba ya zuwa da ayari, ba ya kawo la'ada, tsaraba ce kawai: kilishi, ko turare, ko yadin shadda. Mai masaukinsa ma sau da yawa ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa mai haya a ɗaki biyu, wanda zai tura yara falo don baƙo ya samu gado. Nauyin da a da ciniki ke biya, yanzu albashi ke ɗauka, kuma har yanzu uwargida ce ke ƙara hannu a tukunya.

Lokacin ma ya tsuke. Baƙon Salaga da watanni ake lissafa zamansa, na Sabo da makonni, na yau kuwa sau da yawa daga Alhamis ne zuwa Litinin. Tsohon zango da rani da damina da ranar Juma'a yake auna lokaci. Asabar da Lahadi a matsayin ranakun hutu tsarin ofis da makaranta ne ya kawo su, kuma tun da Juma'a ranar aiki ce a Gana, ɗaurin aure da walima da ziyara duk sun tattaru a ƙarshen mako. Nan ne mai masauki ke samun sarari ya fita da baƙonsa. In an yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Akara, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, Asabar da sassafe sai a sha koko da ƙosai a kama hanyar Kef Kwas, tafiyar awa uku ko fiye in hanya ta cushe, a ga kurkukun da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, ko a hau tudun Aburi a sha iska a lambun da aka buɗe tun 1890. Wanda ya sauka a Kumasi kuwa ba ya tsallake kasuwar Kejetiya da gidan tarihin fadar Manhyia. Tsohuwar al'adar kai baƙo ya gai da sarkin zango da limami tana nan, sai dai yanzu ana matsa ta tsakanin la'asar da magariba.

A kasuwa kuwa fatoma bai je ko'ina ba. Waya ta rage masa aikin ba da labarin farashi, banki da tura kuɗi ta waya sun rage masa aikin ajiya, amma babu na'urar da ke tsaya wa mutum a kan bashi. A kasuwar shanu ta Tulaku kusa da Ashaiman, da mayankar Oko-Oba a Agege, da kasuwar Mile 12 a Ikko, mai kaya daga arewa har yanzu yana da gidan da yake sauka da mutumin da ke karɓar masa kuɗi. Haka masu albasar Galmi da ke lodi daga Nijar zuwa Akara: motar takan kwana da kwanaki a hanya, albasa ba ta jira, masu sari kuma ba sa biya nan take. Da hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021 ta mayar da su Adjen Kotoku a bayan gari, masu masaukin da dillalansu suka kwashe littattafan bashinsu suka koma can, direbobin Nijar kuma suka sauya inda suke juya mota.